Digirin gida ko na cikin aji? Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa

Maman Hanifa

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yin abin da kansa nake so ya amsa mini, don na gaji da "an ce, an ce".

Ni 'yar Gusau ce. Na yi NCE a kwalejin ilimi ta tarayya da ke can, wadda mata zalla ke karatu a cikinta, na gama a 2016. Shekara na zagayowa aka ɗaura mini aure aka kawo ni Kano. Yanzu muna zaune a Yankaba, yarana uku, autan bai cika shekara biyu ba. Ina koyar da lissafi a wata firamare mai zaman kanta, in fita bakwai da rabi in dawo ƙarfe biyu. Shekaruna 31.

Abin da ya tayar mini da maganar digiri, zangon da ya wuce aka tashi naɗa mataimakiyar shugabar makaranta, sai aka ba wata ƙanwata a aiki, wadda ni na nuna mata yadda ake rubuta tsarin darasi ranar da ta fara zuwa. Ba na jin haushinta, yarinyar kirki ce kuma ta iya aiki. Amma da aka ce mini a fili "ke matsalarki kwali", na koma gida na kasa cin abinci. Shekara bakwai ke nan ina riƙe da alli.

Na yi wa maigidana magana bai hana ba, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai ya zaunar da ni ya yi mini lissafi. Daga Yankaba zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo, sai na ratsa gari kaf, adaidaita sahu biyu ko uku zuwa, haka dawowa, kullum, ga yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Aikin kuma dole in ajiye shi. Wa zai ɗauko yara, wa zai kai su Islamiyya? Shi a kasuwa yake wuni. Shi ne ya ce me zai hana in shiga NOUN, jami'ar karatu daga gida, tunda cibiyarsu ta Sauna ba ta da nisa da mu, in yi karatuna a ɗakina.

Da na faɗa wa Yayana, wanda shi ya biya mini kuɗin NCE, sai ya ce digirin gida ba shi da kwarjini. In zan yi karatu in shiga aji in zauna gaban malami kamar kowa, in ba haka ba in haƙura har yara su tasa. Maganar Yaya tana da nauyi a wurina.

Amma gaskiya ba ita ce ta fi damuna ba. Kaina nake tsoro. Na san yadda aka yi na ci NCE. Mu shida ne a ɗaki, akwai wata 'yar Talata Mafara da ke tashinmu ƙarfe uku na dare idan jarrabawa ta matso, wadda ta ƙi tashi ta yayyafa mata ruwa. Akwai malamin da in ya dubi fuskata ya san ban gane ba, sai ya goge allo ya sake daga farko ba tare da na ɗaga hannu ba. Ko ba ka da niyyar karatu, ganin kowa ya ɗauki littafi ya nufi aji ya isa ya ja ka. To a ɗakina wa zai ja ni? Ƙarfe tara na dare in na kwantar da yara, ni ma jikin ba nawa ba ne. Kwamfuta kuma ban iya ta sosai ba, waya ce dai nake dannawa.

Waɗanda suka yi daga gida, yaya abin yake a zahiri? In ka karanta ba ka gane ba, wa kake tambaya? Kwalin ana karɓarsa wurin neman aiki da ƙarin girma? Bautar ƙasa fa? Wanda kuma ya ɗanɗana duka biyun, me ya rasa da ya bar aji? Kada a lallashe ni, a faɗa mini yadda take.

Malamin Ringim

Wa alaikumus salam Malama. Ni duk karatuna na gaba da sakandare daga nesa na yi shi, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki. NCE ɗina ta hanyar NTI na yi, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna. Mu koyar ranakun mako, ƙarshen mako da lokacin hutu mu haɗu da masu yi mana bita. Daga baya na yi digirin ilimi a NOUN, na shiga daga aji biyu saboda NCE, kamar yadda ke ma za ki shiga in takardunki sun cika. Ba sai kin zauna jarrabawar JAMB ba, amma kiredit biyar ɗin nan har da Turanci da lissafi babu makawa.

Ga yadda tsarin yake. Kowane kwas yana da littafinsa da aka rubuta musamman don wanda ba shi da malami a gabansa. An yanka shi ƙananan babuka, kowane babi ya fara da gaya miki abin da za ki koya, ya ƙare da tambayoyin da za ki gwada kanki. Kyauta ake sauke su daga shafin jami'ar. A cikin zango akwai aikin da ake kira TMA, ta intanet ake yinsa, maki 30 ne. Sauran maki 70 na jarrabawa ne, kuma wannan a cibiya ake yinta, da katin shaida, gaban masu sa ido. 'Yan aji ɗaya da aji biyu a kwamfuta suke yi, daga aji uku sai biro da takarda. Wannan ki isar wa Yaya: karatun ne a gida, jarrabawa babu mai rubuta ta a kan gadonsa.

Yanzu ramin da na faɗa, don kada ki faɗa. Amsoshin TMA suna yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai. Zangona na farko, aiki ya yi mini yawa, na kwafa na tura ba tare da na buɗe littafi ba, na samu 27 cikin 30, na yi ta murna. Ranar jarrabawa na zauna gaban kwamfuta, tambayoyi na fitowa kamar ban taɓa jin sunan kwas ɗin ba. Na faɗi biyu. Babu wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina. A cikin makaranta da wuya ka kai ƙarshen zango ba ka san kana cikin duhu ba, domin gwaji da tambayar malami za su tona ka tun da wuri. A nan kuwa kana iya yin wata uku kana yaudarar kanka, babu mai ce maka uffan.

Abu biyu suka cece ni. Na farko, na daina karatu a waya. Ido na ciwo, kuma layi uku za ka karanta saƙo ya shigo. Duk farkon zango sai in kai littattafan shagon kwamfuta a buga mini a takarda a ɗinke, in riƙa ja musu layi da jan biro. Akwai tsada, amma ta fi tsadar maimaita kwas sauƙi. Na biyu, na nemo malamai uku da ke karatu irin nawa. Duk Asabar bayan la'asar mu shiga wani aji a makarantar da nake koyarwa, kowa da babin da aka ba shi tun makon jiya, ya hau allo ya koyar da sauran. Kin san mu malamai, abin da ka tsaya ka koyar ba ya fita kanka. Wanda bai shirya ba kuwa kunya kaɗai ta ishe shi hukunci. Wannan 'yar Talata Mafara da kika ambata, ai ita muka ƙirƙiro wa kanmu.

Maganar kwarjini. NOUN jami'ar gwamnatin tarayya ce, a ƙarƙashin NUC, hukumar kula da jami'o'i, take kamar sauran. Zamanin Shagari aka kafa ta a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Shi kansa bayan ya sauka daga mulki ya shiga a matsayin ɗalibi har ya karɓi digirin digirgir a ilimin addinin Kirista a 2018. Daga 2016 zuwa 2021 kuwa ɗan Kanonku ne ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu. Ni da kwalin aka sauya mini mataki a wurin aiki, babu wanda ya tambaye ni ko a ƙarƙashin bishiya na yi karatun.

Amma kin ce kada a lallashe ki. Abin da na rasa shi ne malami. Shekara huɗu, ban da wanda ya duba mini binciken kammalawa, babu malamin da ya san fuskata. Akwai darussan da ake yi ta bidiyo, ana iya tura tambaya, amma ba ɗaya ba ne da mutum ya dube ka ya gane ka ɓata. Sannan Turancina na karatu da rubutu ya yi ƙarfi sosai, na baki kuwa bai motsa ba, domin ban yi muhawara da kowa ba. Har yau ina jin wannan giɓin idan muka zauna taro da waɗanda suka yi zaman jami'a.

Ɗan Samaru

Anti, ni ban taɓa karatu daga gida ba, a ABU Zariya na yi, fannin kimiyya, don haka ɓangare ɗaya na sani. Amma ina ganin kada a raina maganar Yaya gaba ɗaya, ko da kalmar da ya zaɓa ba ta yi daɗi ba.

In aka tambaye ni abin da na samu a Samaru, lakca ba ita zan fara ambata ba. Abokin ɗakina na shekarar farko ɗan Binuwai ne, kafin nan ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba Bahaushe ba. Na shiga laburaren Kashim Ibrahim neman littafi guda, na fito da uku da ban san akwai su a duniya ba, saboda kawai suna jere kusa da shi. Na tsaya gaban mutum sama da ɗari na gabatar da aiki, gwiwata na rawa, wata malama ta kira ni bayan an tashi ta nuna mini inda hujjata ta karye. Aikin da nake yi yanzu ma abokin karatuna ne ya kira ni ya ce ana nema. Duk waɗannan babu wanda aka rubuta a manhaja. Shi ya sa ƙanina da ya gama sakandare bana, da ya ce zai yi daga gida, na ce a'a. Yaro ɗan shekara 18 ba digiri kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar ya fita daga unguwarsu.

Ke kuwa ba ɗan shekara 18 ba ce, kin riga kin yi zaman makaranta shekara uku, kin san mutane, kina da aiki. Kuma gaskiya ita ce zaman jami'a ma yana da nasa cizon. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati na 2020 ya ci kusan wata tara, ga korona a kai. Na 2022 ya fara ran 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Kusan duk jami'o'in tarayya abin ya shafa, ba tamu kaɗai ba. Digirin shekara huɗu sai da ya kai ni kusan shida. A wannan lokacin maƙwabcinmu da ke NOUN jarrabawarsa kawai yake zuwa yana yi.

Abin da nake so ki duba da kyau shi ne fannin. Kin ce lissafi kike koyarwa. In digirin lissafi za ki yi, ki sani na jami'a ba irin wanda ake karantawa kamar labari ba ne. Za ki iya wuni a kan layi ɗaya, alhali da akwai wanda ya iya a gefenki, minti biyu zai nuna miki inda kika juya alama. Ban ce ba zai yiwu ba, amma kafin ki biya ko kwabo ki san wanda za ki riƙa kai wa takardarki.

Akwai kuma hanya ta uku da ba ki ambata ba. Cibiyar ilimi ta ABU tana da tsarin LVT, malamai na zuwa lokacin dogon hutu su zauna aji na makonni su koma bakin aikinsu. Bayero ma tana da makarantar ci gaba da karatu ta masu aiki. In malami a gabanki ne ba za ki iya rabuwa da shi ba, ki bincika waɗannan.

Anti Nas Kaduna

Ƙanwata, na karanta saƙonki sau biyu, domin kamar ni na rubuta shi shekarun baya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi makarantar koyon jinya a cikin makaranta, ina budurwa, sannan na yi digiri ta cibiyar karatu daga nesa ta ABU ina da yara huɗu, ina aikin dare. Maza sun yi miki bayanin tsari. Ni zancen cikin gida zan yi miki, domin can ake cin wannan karatu, can kuma ake faɗuwa.

Matsalar karatu a ɗaki ita ce babu wanda ya yarda karatu kike yi. In kin saka hijabi kin fita da jaka, kowa ya san kin tafi makaranta, za a san yadda za a yi da tuwon dare. In kina zaune a falo da littafi, ai kina gida. Maƙwabciya za ta shigo aron turmi ta zauna hira, ƙanin miji zai zo a ce a zuba masa abinci, yaro zai kawo miki wandonsa ya yage. Kowanne minti goma ne, amma in kin haɗa, ranar ta tafi. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta fi shekara tana ce wa mutane wai na koyi danne-dannen waya, sai ran da ta ga an kawo ni wurin jarrabawa ta ga mata irina cike da wuri sannan ta gane.

Don haka yardar maigida da baki ba ta isa ba. Ki zauna da shi ku yanka lokaci da suna. Ni da nawa mun yi cewa ranar Lahadi daga tara zuwa azahar ba na nan, ko da ina nan. Ya kwashi yara ya kai su gidan Hajiyarsa, ni in rufe ƙofa. Makon jarrabawa kuwa ƙanwata ke zuwa ta kwana. Ranar da aka fara karya wannan da "yau kaɗai", to ki tsaya a kai cikin ladabi, domin yau kaɗai ita ke zama kullum.

Karatun dare ki manta da shi. Kin faɗa da bakinki, ƙarfe tara jikin ba naki ba ne. Na gwada, sai in farka in ga littafi a ƙirjina. Abin da ya yi mini shi ne in kwanta tare da yara, in tashi ƙarfe huɗu, in yi awa ɗaya kafin asuba, rabin awa bayanta kafin a ɗora ruwan wanka. Awa ɗaya da rabi kullum ba ta cika ido, amma ki lissafa ta a wata huɗu. Na sayi 'yar fitilar sola saboda wuta, kuma duk abin da za a sauke daga intanet ina sauke shi lokacin da layi ke da ƙarfi, ba na jira sai ranar ƙarshe. Sau ɗaya na jira, saura awa biyu a rufe karɓar aiki layi ya ɗauke, na fita tsakar gida da waya a sama ina kuka. Tun daga ranar ban sake ba.

Kaɗaici gaskiya ne, kada wani ya ce miki babu. A makarantar jinya in ka faɗi gwaji akwai kafaɗar da za ka jingina, kowa ya san malamin, kowa ya san tambayar. A nan za ki buɗe sakamako ke kaɗai a kicin, mai kyau ko marar kyau, babu wanda ya san nauyinsa a gidan. Akwai zangon da ɗana ya kwanta asibiti sati uku, na ce na haƙura. Wata abokiyar karatuna da ke Bauci, wadda sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa ido da ido, ita ta riƙa kirana kullum bayan isha'i tana karanta mini abin da ta taƙaita. Ba don ita ba da ban gama ba. Ki nemi irinta tun makon farko, kada ki jira sai kin shiga ruwa.

Amma ga abin da ban samu ba ina budurwa a aji, na samu a wannan. Abin da na karanta da asuba, da hantsi ina ganinsa a kan gadon marar lafiya. Da can haddacewa nake yi don jarrabawa, wannan karon ina karantawa ina cewa "ashe dalilin ke nan". Ke ma haka za ki gani, ki karanta yadda yaro ke fahimtar lamba, ki shiga aji ki gwada a kan 'yan aji uku a ranar. Kuma 'yata ta fari ta tashi tana ganin uwarta da littafi kafin gari ya waye, yanzu ba na ce mata ta yi aikin gida.

Shawarata, kada ki yanke hukunci da tunani. Ki sauke littafi ɗaya na fannin da kike so, tunda Malam ya ce kyauta ne. Ki ba kanki sati biyu kina tashi ƙarfe huɗu, ba wanda ya sa ki, ba jarrabawa. Ki rubuta a bango ranar da kika tashi da ranar da ba ki tashi ba. Bangon zai gaya miki abin da mu ba za mu iya ba.

Akawu

Kan bautar ƙasa kawai zan yi magana, don a sashen ma'aikata nake aiki. Hajiya, wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ke kina 31 tun yanzu, saboda haka ko Bayero kika shiga, ko ina kika shiga, ba za ki saka kakin ba. Waɗanda suka yi karatun masu aiki ko na nesa kuma abin da aka saba ba su ita ce takardar keɓewa daga hukumar NYSC. Mu a fayil abin da muke nema shi ne ɗaya daga cikin takardun ya kasance. Ki tabbata kin karɓi taki bayan kin gama, kada ki yi sakaci da ita, kuma sunanki da ranar haihuwarki su zo ɗaya a duk takardunki tun daga na sakandare. Wannan ya fi hana mutane ƙarin girma fiye da sunan jami'a.

Baba Mai Ritaya

'Yata, jikana ne ya karanta mini, na ce ya rubuta mini amsa. Ki gaya wa yayanki karatun gida ba yau aka fara ba. A shekarun 1970 ina ƙaramin ma'aikaci, ta gidan waya na yi shirin jarrabawar GCE da wata makaranta ta Landan, Rapid Results College. Wasu abokaina kuma da Wolsey Hall ta Oxford suke yi. Za a aiko maka da darasi a ambulan, ka yi aikin da fitilar ƙwai, ka kai gidan waya ka manna kan sarki. Kafin gyaran malami ya dawo an yi sati huɗu ko fiye, har ka manta abin da ka rubuta. Ban taɓa jin muryar malamina ba, jan bironsa kawai na sani, amma har yau ina tuna yadda yake zagaye kuskure ya rubuta dalili a gefe. Da wannan takardar na samu shiga jami'a daga baya, na zauna aji ina da mata da 'ya'ya biyu. Da na shiga, yaran da suka zo kai tsaye daga sakandare sun fi ni saurin magana, ni kuma na fi su iya zama da littafi, domin na saba babu mai tsare ni. Manya da yawa da kuke jin sunansu a ƙasar nan ta ambulan suka fara. Ku yanzu kuna tura tambaya da safe amsa ta zo kafin azahar. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki abin da kike nema.

Maman Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, amin, na gode da addu'a. Na yi shiru kwana biyu ne don ina so in dawo da abin da na yi, ba abin da zan yi ba.

Anti, na bi maganarki. Na sauke littafin wani kwas na koyar da lissafi a firamare, na kai an buga mini babi shida na farko. A bayan ƙofar kicin na manna takarda. Cikin kwana 14 na tashi tara. Biyu autana ne ya kwana da zazzaɓi, uku kuwa ƙararrawa ta buga na kashe ta da hannuna. Na lura duk ukun ranakun da na kai sha ɗaya ina duba littattafan ɗalibai ne, don haka yanzu a makaranta nake gama dubawa kafin in taho. Akwai babin da ya yi magana a kan koyar da kashi-kashi da abin da yaro zai taɓa da hannu. Na sayi lemo uku na shiga da su aji huɗu na yanka a gabansu, wani yaro da ya fi wata yana ba ni wahala ya ce "Malama ashe rubu'i biyu rabi ne". Na daɗe ban ji daɗin aji irin na ranar ba.

Ranar Alhamis maigida ya kai ni cibiyar Sauna. Na ga mata da goyo, na ga wani dattijo da furfura yana tambayar ranar jarrabawa, na karɓo bayanin takardun da ake buƙata. Mun yi magana a kan Asabar da safe, ya ce zai riƙa kai yara gidan Umma kafin ya wuce kasuwa. Yaya na tura masa abin da Malam da Baba suka rubuta. Bai ce ya yarda ba, amma ya tambaye ni nawa ne kuɗin zangon farko.

Ɗan Samaru, maganarka ta lissafi ta tsaya mini a rai, har yanzu ban zaɓa tsakanin ilimin lissafi da ilimin firamare ba. LVT ɗin na so ta, amma barin yaro ɗan shekara biyu na makonni ba zai yiwu mini bana ba. Malam, don Allah a cikin ku huɗun nan akwai wanda ya yi lissafi? Ina so in ji yadda ya yi da kwasa-kwasan aji uku. Sannan in akwai mace a Yankaba, Dakata ko Hotoro da ke shirin shiga wannan zangon, ta yi mini magana. Shugabar makarantarmu ta ce za ta ba ni makullin aji ɗaya ranar Asabar.